Sunan Aro

Kwana biyu Khamla tana tsinkar latas a duƙe, hannu ɗaya dafe da ciki. A rana ta uku ta durƙushe tsakanin kunyoyi cikin rumfar leda, ta amayar da ɗan abin da ta ci da safe.

Buasri, 'yar wan babanta, ita ta jawo ta Koriya daga ƙauyensu na Tailan, don haka nauyin yana wuyanta. Bizar Khamla kuwa ta ƙare tun bara, kuma mara takarda ba ya dosar asibiti sai in ya gaji da zaman ƙasar. Ita Buasri tana da takarda da inshora, ga shi a lokacin suna da lamba kawai ake rubutawa a tebur, ba mai duba hoto.

"Yau ke ce ni," ta ce. "In an kira Buasri, ki miƙe."

"Yaya, in suka gane fa?"

"Su wa? Mai gona ma har yau bai bambance mu ba."

Asibitin da ta sani Buasri ta zaɓa. Shekarar zuwanta ta taɓa kwana uku a can. Mai gona ne ya yi duk maganar, ya sa duk hannun. Ba wanda ya faɗa mata abin da aka yi mata; ita dai ta san ta sha wuya, ta kuma tashi.

Likitan ya danna gefen dama na cikin Khamla, ya saki, ta yi ƙara. Fuskarsa ta canza. Ya juya ga kwamfuta, ya daɗe yana karatu, sannan ya yi ajiyar zuciya. Ya nuna cibiyarta ya yi wata tambaya da Koriyanci. Su biyun suka amsa da to, don abin da gona ke fara koya wa baƙo ke nan: kome babba ya ce, ka ce to. Ya rubuta maganin ɓacin ciki ya sallame su.

Buasri ta fito tana huci. Minti biyu! Da 'yar ƙasa ce ai da an ɗebi jini, an ɗauki hoto. Amma ta haɗiye, don wanda ya shigo da sunan aro ba shi da bakin faɗa.

Washegari ciwon ya lafa, har Khamla ta ci shinkafa da kwaɗon gwanda, Buasri tana tsokanarta wai ragwanci ne. Kwana ɗaya bayan haka, da hantsi, zazzaɓi ya rufe ta, cikin ya sandare kamar katako. Matar mai gona ta kwashe su a motar kaya zuwa asibitin.

Awa huɗu aka yi a ɗakin tiyata. Afendis ne, ɗan reshen hanjin nan, ya fashe, ruɓa ta bi ciki. Ko za ta tashi, ba wanda ya yi alkawari.

Tsoro ya bar Buasri, fushi ya maye gurbinsa. Ta kira wata mai tafinta a waya, ta tare likitan farko a baranda, ta zazzage masa tas: ya raina su ne don su baƙi ne, masu ƙasa a farce. A kore ta gida in an ga dama, amma sai ya faɗa mata dalilin da ya sa bai duba ba.

Likitan ya sunkuyar da kai, ya yi magana a hankali. Mai tafinta ta ce, "Yaya, ya ce afendis ya fara zargi tun ranar. Da ya buɗe fayil ne ya ga ba zai yiwu ba. Wai shekara huɗu da suka wuce, a nan asibitin, an riga an cire wa Buasri nata. Ya nuna cibiya ya tambaya ko ta nan aka yi aikin, kuka ce to."