Ƙwaya ta Biyu

"Ƙwaya ɗaya ba ta isa ba, za mu ƙara mata wata," in ji likita. "Amma in an fara ba a yankewa. Ciwon damuwa in ya dawo, ya fi na farko muni."

Makiyayin ya dubi matarsa, wadda tun rasuwar jaririnsu ta daina magana, ta daina fita daga ɗaki.

"To, ranka ya daɗe."

Shekarar ƙarin albashin Udoji ce, magani ya yi tsada, fari kuma ya karya darajar shanu. Duk wata sai ya kora saniya ɗaya kasuwar Babura ya sayar, ya biya Kazaure ya sayo 'yar kwalba. Bai taɓa gaya mata ba.

Ta fara cin abinci. Ta fara amsa sallama. Wata safiya, ƙwayar saura kaɗan, ta fito da ƙwarya a hannu tana murmushi.

"Malam, yau ni zan yi tatsa."

Ta wuce shi tana 'yar waƙa, ta nufi garke, inda babu komai sai turaku da igiyoyi.