Ranar da Ramlatu ta Kashe Bashari

Tun da wayoyi suka fara karanta labari suna tsokaci a madadin masu su, Ramlatu ba ta ƙara rasa yabo ba. Ci gaban wani tsohon fim take rubutawa a zauren masoyansa.

Yau da gangan ta kashe Bashari, jarumin da kowa ke so. A da, da ta sha zagi har ta gode Allah.

"Allah ya ƙara basira!" Saƙonni suka yi ta shigowa.

Ta leƙa katangar maƙwabciyarta. "Maman Sadiku, kin karanta na yau?"

"Ai wayata ta yaba miki, ko ba ki gani ba?"

Ramlatu ta koma ɗaki ta zauna, tana jira ko Allah zai kawo mai zaginta.