Waƙar Aristide

Wa ya aike ku tambayata zancen fim ɗin nan? Ba a kallonsa a gidan nan. Ku rufe baki ku ji, sau ɗaya zan faɗa.

Aristide Cabrol makaɗin akodiyon ne, kayan kiɗan nan mai zuga-zugi. Ya bar matarsa a gonar kan tudu da jariri da awaki goma sha biyu, ya tafi Paris. Waƙa guda ta ɗaga shi. Duk bikin aure sai an kaɗa ta, manya na kuka.

Bayan ya mutu, ɗan ƙaninsa Gaëtan ya yi fim a kansa. A ciki aka nuna matar jahila ce mai busasshiyar zuciya, kiɗa na sa ta ciwon kai, ita ta kore shi. Wai a tashar jirgi ya tsara waƙar yana hawaye. Ko suna ba su ba ta ba. A kasuwa yara suka riƙa toshe kunne in ta wuce.

Sai ga Gaëtan ya hau tudu wurin matar da takalmi mai sheƙi. Yana so a yi walimar fim a garin.

"Inna, ki yafe mana, fasaha ce. Ke ba za ki gane ba."

"Ina zan gane, ɗana? Ku yi a filina, kyauta. Amma kiɗan ya fara ƙarfe biyar."

Ranar, ba ta ba awakin, da yanzu sun kai sittin, ko ganye ba. Sakatar garke kuwa dama ta kwana biyu da lalacewa.

Aka jera tebura da fararen mayafai, ga cuku, ga burodi, ga kek mai hawa uku. 'Yan jarida suka kafa kyamarori. Gaëtan ya dafa ƙirji ya ce, "Wannan sauti daga zuciyar baffana kaɗai ya fito."

Biyar daidai makaɗa suka ɗauki waƙar.

Ba su kai rabi ba ƙasa ta fara rawa. Awaki sittin suka gangaro a guje, kai tsaye wurin makaɗa. Suka ture tebura, suka cinye furanni. Wani bunsuru ya ɗauke takardar jawabin daga hannun Gaëtan. Da kiɗa ya tsaya sai suka tsaya. Wani ɗan jarida ya ce a sake. Aka sake, suka sake rugowa.

"Inna, me ke damun dabbobin nan?"

"Tambaye su, ɗana. Ai ni ban san kiɗa ba."

Washegari hoton ya cika jaridu, kuma ba a ƙara toshe mata kunne ba.

To, ku wuce ku kwanta. Kuma duk wanda na ji yana yin fiton waƙar nan, shi zai mayar da awaki garke, don da ita nake kiransu cin dusa ƙarfe biyar tun kafin in auri Aristide.