Layin da Ban Karanta wa Baba Ba

Ina aji biyar a garin Garuwa, ni kaɗai ke karanta Faransanci a gidanmu. Ranar nan da la'asar Baba ya dawo daga kasuwa da wata koriyar kwalba. Har yau ina jin ƙamshinta, kamar na'a-na'a da zuma.

Ya ce, "Uwata, zo ki karanta min. Mai tallar ya rantse tana raba mutum da ciwon suga."

Na karanta masa manyan baƙaƙen: ganye zalla, wankin jini, ƙarin ƙarfi. Can ƙasa akwai wani siririn layi da ya ce wannan ba magani ba ne, kada a bar na likita. Na gani, na kuma gane. Amma da na ɗaga kai, sai na ga Baba yana murmushin da rabonsa da shi tun kafin ciwon.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Baba."

Ya ture ƙwayoyin asibiti gefe, ya dafa kaina ya ce Allah ya yi min albarka.

Bai kai azumi ba. Kowa ya ce kwana ne ya ƙare, kuma haka ne. Amma addu'ar nan, har yau na kasa ce mata amin.