Suna Ɗari a Allon Sabon Tudu

Allon tarihi mai magana da ke dandalin Sabon Tudu suna ɗari kacal doka ta yarda ya riƙe. Ya nace wai Alhaji Barau ne ya kawo mana asibitin haihuwa. Ni dai na san ƙyalle kawai ya yanka ranar buɗewa. Marigayiya Inna Tambai ce ta tara Ƙungiyar Mata Masu Ƙuli-ƙuli, suka shekara bakwai suna ɗaukar yashi a ka don gina shi.

Gyara sai da shaidu uku, sai na kwaso Delu da Kande, ragowar 'yan ƙungiyar.

Kande ta ce, "Ke Delu, sa haƙoranki kafin rantsuwa."

"Naki bakin ko da haƙora ƙarya yake zubawa!"

Muka ba da shaida muna ƙyaƙyatawa. Allon ya ce, "An karɓa, amma babu gurbi, sai wani mai rai ya bar nasa."

Na ce, "Cire nawa, Malama Uwani shugabar makaranta. Ni ina da baki."

Sunan Tambai ya haska, Kande ta rangaɗa guɗa.

Allon ya ce mini, "Sannu da zuwa, baƙuwa. Daga wane gari?"

Na gyara zama a benci. "Yaro, kana da lokaci?"