Ƙarar Kunnen Baba

Tun da aka ƙera wayar da ke sa mutum biyu su ji ƙarar kunne ɗaya, doka ta ba likitocin kunne izinin kwantar da hankalin masu fama da ita. Dakta Bara'atu, likitar ƙwaƙwalwa, ta yaƙi dokar har a rediyo. Yau kuma ita ce ta kawo mahaifinta, Malam Tanimu, wanda injin niƙa ya bar wa shuuu a kunne.

Ta gilashi take kallonsu, shi da Sabi'u likitan kunne, waya ɗaya ta haɗa kunnuwansu. Mutumin da bai taɓa ce mata ko kansa na ciwo ba, ga shi yana share hawaye gaban bare.

Da suka fito ta ce, "Baba, aikina ke nan fa. Me yake gaya maka da ban iya ba?"

"Ba ya cewa komai, uwata. Ke kin san sunan ciwon, shi yana jin sa."

Ta juya ga Sabi'u. "Ara mini wayar."

"Ban da mai ciwon, mutum ɗaya take karɓa, Dakta, kuma Baba ya riga ya zaɓa." Ya karkata kai yana danna bayan kunnensa, sak yadda mahaifinta ke yi tun tana yarinya.

Nan ta gane ƙarar ta kama shi. Har suka isa mota ita da mahaifinta tana neman tausayin Sabi'u a ranta, ba ta samu ba. Gadonta na wurin mahaifinta ne ya ɗauke.