Fim Ɗin Da Babu Kiɗa

"Wannan kuma wane irin fim ne?" in ji Hinda, tana ta ɓarar gyaɗa. "Babu suna, babu kiɗa."

Ƙanwarta Surayya ta gyara wayar da suka jingina da turmi. "Yaya, aikin mai tura fina-finai a waya ne na kasuwar Magariya. In fili ya rage a kati, sai ya cike shi da duk abin da ya samu."

Hinda ba ta raga wa fim. Tun da mijinta Manzo ya tafi cin rani Aljeriya, kallo da karatun littafi ke rage mata yini, kuma kowanne sai ta yanke masa hukunci.

A wayar, wata mota ce ta lalace cikin rairayi, mutane kwance gefenta. Hoton sai rawa yake.

"Mai ɗaukar bai iya ba," in ji Hinda. "Dube su, sun baje kamar buhuna, ko mai salati babu. A littafi ma an fi su iya mutuwa."

Surayya ta yi dariya. Mai ɗaukar ya matsa kusa da wani da ya kifa fuska ƙasa.

Hinda ta ɓare gyaɗa, ta zuba ƙwayar a ƙasa, ɓawon a ƙwarya.

"In wuce shi, Yaya?"

"A'a, mai da shi baya." Muryarta ba ta canza ba. "Facin koren zaren nan na kafaɗar rigarsa, ni na yi wa Manzo shi ran da zai tafi."